ITATUWA CIKIN LITTAFI MAI TSARKI, DA NA BAYAN GIDANMU

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a kan wani abu wanda mu ke gani kullum har mun daina lura da shi, watau itace. Ni mutumin Sahuda ne, a ƙasar Mubi, gab da iyakar Kamaru, a gindin duwatsun Mandara. Abin da na ke so in faɗa gajere ne, ko da shi ke bayaninsa zai ɗan ja. Ga shi: Allah ya yi ta koya mana ta wurin itatuwa a cikin Littafinsa, kuma Kirista wanda ya ke karanta waɗannan ayoyi ran Lahadi, sa'an nan ran Litinin ya tsaya yana kallo ana ƙare itatuwan garinsu bai ce uffan ba, to, bai gama karatun ba tukuna. Balle fa in malamin makaranta ne.

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki daga farko, ku duba. A Farawa sura 2 an sa mutum cikin gona mai itatuwa, aka ce ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Ku lura, aiki biyu ne, ba ɗaya ba. Ku lura kuma, da a ke kwatanta itatuwan, kyaun ganinsu aka fara ambata kafin a zo ga ci. Ta wurin itace mutum ya faɗi. A tsakiyar labarin kuwa ga gicciye, wanda Bitrus da Bulus dukansu suka kira shi itace, ta wurinsa aka tashe mu. Can a sura ta ƙarshe ta Ru'ya ta Yohanna sai ga itacen rai ya sake fitowa a bakin kogi, yana 'ya'ya kowane wata, ganyensa kuwa magani ne ga al'ummai. Ashe labarin cetonmu duka tsakanin itatuwa uku ya ke tafiya. Wannan ba abin da za a wuce da sauri ba ne.

To, bari in ɗauki misalai huɗu waɗanda na ga sun fi shafar mu, mu da mu ke shirin zama malamai.

Na fari shi ne itacen da aka dasa a bakin ruwa, wanda Zabura ta 1 da Irmiya sura 17 suka yi maganarsa. Irmiya ya ajiye mutum biyu kusa da juna. Ɗaya ya dogara ga ɗan adam, ya zama kamar ƙaramin tsiro a busasshiyar ƙasa. Ɗaya ya dogara ga Ubangiji, ya zama kamar itacen da saiwarsa ta kai ga rafi. Annabin bai ce fari ba zai zo wa na biyun ba. Fari zai zo wa duka biyu. Bambancinsu yana ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Mu a nan muna da itacen da ya ke yi mana wannan wa'azi kowace shekara, shi ne gawo. Da damina, sa'ad da kowace ciyawa ta ke taƙama da kore, gawo tsirara ya ke, sai ka ce ya mutu. Da rani ya yi, ciyawa ta ƙone, sai ka gan shi shar, dabbobi suna hutawa a gindinsa suna cin 'ya'yansa. Dalili kuwa saiwarsa ta nutse can ƙasa inda ruwa ya ke. Manomi ya san dawar da ke gindin gawo ta fi ta sauran gona, gama ganyen da ya zubar taki ne, kuma ba ya tare wa shuka rana da damina. Ni dai ina roƙon Allah ya mai da ni malami irin gawo, wanda ba ya neman a gan shi lokacin da kowa ke nuna kansa, amma ana samunsa ran da wahala ta zo, na ƙarƙashinsa kuma suna girma.

Na biyu shi ne kututture. Ayuba, cikin tsananin ciwonsa, ya ce a sura 14 itace ma ya fi mutum sa zuciya, gama ko an sare shi, da ya sansana ruwa sai ya sake toho. Ishaya kuma a sura 11 ya kwatanta gidan Dawuda da kututturen da aka sare, ya ce daga nan ne reshe zai fito, watau Almasihu. Mu mutanen ƙasar Mubi ba sai an fassara mana wannan ba. Ran 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, suka kuma shiga Kwarhi, hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Jama'a suka watsu da ƙafa, Kirista da Musulmi, da yawa suka bi ta duwatsu suka nufi Kamaru. Ina yaro a lokacin, amma ban manta ba, waɗanda suka bi ta wajenmu ba su da ɗaki sai inuwar itace, nan mata suka shimfiɗa zane, nan aka kwantar da tsofaffi. A watan Nuwamba na shekarar aka karɓe garin, a watan Agusta na 2015 kuma dubban 'yan Nijeriya da aka komo da su daga Kamaru ta kan iyakar Sahuda suka shigo. An ƙone majami'u da yawa, an rasa rayuka waɗanda ba za a maye gurbinsu ba. Duk da haka yau ana sujada a wuraren da aka ƙone. Wannan ikkilisiya kuwa a gindin itace aka haife ta tun farko, gama ran 17 ga Maris 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta fari a Garkida a ƙarƙashin wata tsamiya, a 2023 aka yi bikin cikarta shekara 100. An sare ta, amma saiwar ba ta mutu ba.

Na uku shi ne ɓaure. Sa'ad da na fara jin labarin Zakka, mai karɓar haraji na Yariko, gajeren nan da ya hau itace don ya ga Yesu, na ɗauka wani baƙon itace ne na ƙasar Yahudawa. Sai a darasin kimiyyar tsire-tsire na gane ashe irin ɓauren nan ne namu na bakin rafi, mai gajeren gindi da manyan rassa a kwance, wanda ko yaro ya ke hawa ba wuya. Irinsa ne kuma annabi Amos ya ce yana kiwo kafin Allah ya kira shi. Amma ɓauren da ya fi ba ni tsoro shi ne na Luka sura 13. Mai gona ya yi shekara 3 yana zuwa neman 'ya'ya bai samu ba, ya ce a sare. Mai aikin gonar ya roƙa a ƙara masa shekara guda, ya yi masa kaftu, ya zuba taki, a gani. 'Yan'uwa, wannan ma'aikaci mu ne. Kowane aji da za a ba mu akwai yaron da ya yi shekara 3 a makaranta bai iya haɗa baƙi ba, kowa ya ce daƙiƙi ne, a mai da shi kiwo. Ma'aikacin nan bai tsaya ga roƙo kaɗai ba, ya ɗauki fartanya. Roƙon da ba kaftu a bayansa, ragwanci ne da ya sa rigar tausayi.

Na huɗu shi ne aure. Duk wanda ya yi aiki a lambun koleji ya san yadda a ke aurar da mangwaro: a samo gindi na gama-gari mai ƙarfi, a yanko reshe daga itace mai daɗin 'ya'ya, a haɗa, a ɗaure. Bulus kuwa a Romawa sura 11 ya juya abin. Ya ce mu al'ummai rassan zaitun na jeji ne, aka aura mu a kan gindi mai kyau, shi da kansa ma ya ce wannan saɓanin yadda aka saba ne. Ba wani manomi mai hankali da zai yi haka, sai Allah cikin alherinsa. Ma'anar kuwa a fili ta ke: reshe ba shi ne ke ɗauke da saiwa ba. Mu da muka sami ɗan ilimi, muka iya Turanci, sau da yawa mukan koma ƙauye muna duban iyayenmu sheƙeƙe. Wanda ya tuna shi reshen jeji ne da aka yi wa alheri, ba zai yi wa kowa girman kai ba, ko Bagude ne, ko Bafali, ko Bafillace, ko Bahaushe.

Da fili ya ishe ni da na daɗe a kan almarar Yotam cikin Alƙalawa sura 9, inda itatuwa suka tafi neman sarki. Zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, kowa ya ce yana da aikin yi. Ƙaya ce kaɗai ta karɓa, har tana kiran sauran su zo su sha inuwarta, ita da ba ta da inuwa. Sai in bar wa masu neman shugabancin ƙungiyar ɗalibai, da masu zaɓensu, su karanta da kansu.

Yanzu fa na zo ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Misali ba ya aiki sai in mai ji ya san abin da aka yi misali da shi. Yesu bai yi wa masunta misali da abin da ba su taɓa gani ba. In yaro ya tashi bai taɓa zama a gindin gawo da rani ba, bai taɓa hawa ɓaure ba, yaya za ka koya masa Irmiya ko Luka? Sai ya haddace kamar aku. To, abin da ke faruwa a wajenmu ke nan. Duk wanda ya bi hanyar Sahuda zuwa Mubi ya ga kayan itace da buhunan gawayi a kan babura suna gangarawa gari. Tun da kalanzir da gas suka yi tsada, musamman bayan janye tallafin man fetur a 2023, gidaje da yawa na cikin gari sun koma ga gawayi. Mai gawayi kuwa ba ya son itace mai laushi, sai mai tauri irin ƙirya da marke, in ya rasa su ya faɗa wa kaɗanya da tsamiya. Kaɗanya takan yi shekaru masu yawa kafin ta fara 'ya'ya, amma yini guda ya isa a kayar da ita. Tsofaffinmu suna nuna mana gefen dutse fili fetal, su ce dā nan kurmi ne. Da itatuwa suka tafi, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsai da shi ya nutse, sai ya kwararo da ƙarfi, ya kwashe ƙasar noma, ya tsaga kwazazzabai, ya kai yashi cikin kogin Yedzaram. Da rani kuma rijiya ta ƙafe da wuri, mata su ƙara nisan tafiya.

Ko Littafi ya ce wani abu a kan itacen kansa, ban da misali? Ya ce mana. A Kubawar Shari'a sura 20, aya 19 da 20, an hana Isra'ilawa sare itatuwa masu 'ya'ya ko da suna kewaye da birnin abokan gaba cikin yaƙi, dalilin kuwa itace ba mutum ba ne da za a yi yaƙi da shi. An yarda a sari wanda ba a cin 'ya'yansa, shi ma don bukata. To, in an hana soja a bakin daga, ina ga mu da mu ke sarar ɗorawar gonar ubanmu cikin zaman lafiya? A Littafin Firistoci sura 19 kuma an ce wanda ya dasa itace kada ya ci 'ya'yansa shekara 3, na shekara ta huɗu na Ubangiji ne, sai a ta biyar ya ci. Watau shari'ar Allah ta ɗauka mutanensa masu dasawa ne, masu haƙuri kuma.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan raina su ba.

Wani dattijon ikkilisiya ya taɓa ce mini, "Ɗana, ka yi hankali. Kakanninku a gindin kuka da tsamiya su ke yanka kaji. Da ƙyar muka fito daga wannan, kada ku mai da mu." Na ce, "Baba, gaskiyarka." Lalle Littafi ya tsananta a kan masu tsafi a ƙarƙashin itatuwa, Gidiyon ma ya sare gunkin itace na gidan ubansa. Ishaya a sura 44 ya yi wa mutumin nan ba'a, wanda ya sari itace, ya dafa abinci da rabi, ya sassaƙa rabin ya durƙusa masa. Amma a duba da kyau, laifin na wane ne, na itacen ko na mai durƙuson? Akwai masu bauta wa rana, ba mu ce a kashe rana ba. Abin da ya kamata mu yi tunani a kai shi ne wannan: dā tsoron iskoki ya kiyaye manyan itatuwa da yawa a ƙasarmu, ba mai iya sa musu gatari. Bishara ta zo ta kawar da tsoron, mun gode Allah. Amma in tsoron iska ya iya tsare itace, tsoron Allah kuwa ya kasa, to, wannan abin kunya ne a gare mu, ba abin fahariya ba.

Na biyu kuma za a ce, mai sayar da gawayi ba don mugunta ya ke yi ba, yunwa ce, kuma matar da ke dafa tuwo ba za ta dafa da wa'azi ba. Wannan ma gaskiya ne, ni ma da itace aka dafa abincin da ya raine ni. Amma akwai hanyar samun itacen wuta ba tare da an kashe itacen ba, kuma a ƙasar Hausa aka gwada ta. A Maradi ta Jamhuriyar Nijar, wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa daga gandun reno, galibinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura ƙananan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai. Sai aka fara koya wa manoma su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, su rage sauran, su bar zaɓaɓɓun su tashi. Tun da shi ke saiwar tsohuwa ce, sai su girma da sauri, abin da aka rage kuwa ya zama itacen wuta da abincin dabbobi. Manoman Nijar suka ɗauka daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da fili wajen kadada miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba a bukaci kome ba sai wuƙa da haƙuri. Kun ga maganar Ayuba ta fito a gona. Maradi kuwa ta fi Mubi ƙarancin ruwan sama nesa ba kusa ba. In ya yiwu can, me zai hana a Sahuda?

Na uku shi ne wanda na fi ji a ɗakin kwananmu: "Malami ba shi da gari. Bana a kai ka nan, baɗi a ɗauke ka. Don me zan dasa abin da ba zan sha inuwarsa ba?" Amsata tana Farawa sura 21. Ibrahim ya riga ya kai shekara 100, baƙo ne kuma a ƙasar da ba tasa ba, amma ya dasa itace a Biyer-sheba, ya yi addu'a a wurin ga Allah Madawwami. Kuma in mun bi wannan hujja tasu, ai koyarwar ma sai mu bari, gama yaron da ka koya wa a aji ɗaya, wani ne zai ga ranar da ya zama likita. Aikin malami duka inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Dogon yaron da mu ke karatu a ƙarƙashinsa a wannan koleji, wa ya san sunan wanda ya dasa shi? Asalinsa ma daga Indiya aka kawo shi, ga shi yau ba garin da babu shi a Arewa.

Saboda haka ga shawarata, ba ta kuwa fi ƙarfinmu ba. Kowane ɗalibi ya dasa itace guda a koleji a shekararsa ta fari, ya yi masa shinge saboda awaki, ya ba shi ruwa har rani biyu, gama dasawa ba wuya, reno shi ne aiki. Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, kowa ya roƙi hedimasta ya ba kowane aji itatuwansa, yara su yi ta ban ruwa bi da bi. Kada mu tsaya ga dogon yaro da mangwaro kaɗai, mu sa tsamiya, da ɗorawa, da maɗaci, da kuka, da gawo, yara su san sunayensu da harshensu da amfaninsu. Lokacin sassabe mu kai su gona mu nuna musu yadda a ke rage toho a bar kututture ya tashi, su kuwa za su kai gida. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Masu wa'azi a cikinmu kuma, in sun zo kan waɗannan ayoyi, kada su tsaya a sama, su sauko har bakin rafin garin. Wannan aiki kuwa ba na Kirista kaɗai ba ne. 'Yan'uwanmu Musulmi na wannan koleji sun gaya mini a wurinsu ma dasa itace sadaka ce, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga ciki mai dasawa yana da lada. Ga abu guda da za mu yi tare ba gardama, a ƙasar da ta sha wuya saboda rarrabuwa.

Ubangijinmu ya koya mana da 'ya'ya a ke gane itace, ba da yawan ganye ba. Mu ɗalibai ganye gare mu da yawa: jarrabawa, takardun shaida, manyan kalmomi. Ran da za a zo neman 'ya'ya, ina fata a tarar da yara waɗanda suka iya karatu, suka san tsoron Allah, da kuma filin makaranta mai inuwa a inda muka tarar da rana. Damina tana tafe. Wanda ya yarda da ni, mu haɗu a lambun koleji ran Asabar da safe, kowa da fartanyarsa.

Allah ya ba mu saiwa mai zurfi. Amin.

Naku,
Ɗalibi daga Sahuda.